Bawana Bazazzagi Da Jirginsa Mai Minti Ashirin

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa, Malam na Zazzau. Barka da sauka, ya gajiyar hanya, in har akwai gajiya a tafiyar da aka ce ta minti ashirin ce. Na so in yi maka wannan barka baki da baki, in ja ka gefe in rufa maka asiri. To amma kai ka ga dama ka bi majalisa-majalisa kana shela, daga Tudun Wada har Samaru, sai da labarin ya biyo motocin haya ya iso mana Kano. Tunda a bainar jama'a ka yi ɓarin, a bainar jama'a za a yi kwasa.

Ga yadda zancen ya zo mana, in an yi maka ƙari ka musa. An ce ka je Landan wani taro, da aka tashi sai ka ce ba za ka dawo gida ba sai ka leƙa Faris, don kada a ce Bazazzagi ya je bakin Faransa ya juyo. Ka tashi daga Landan ƙarfe 9:00 na safe, ka sauka Faris 11:20. Ranar komowa kuma ka bar Faris ƙarfe 3:00 na rana, kafin ka gama gyara zama sai ga ka a Landan 3:20. Zuwa awa biyu da minti ashirin, dawowa minti ashirin cif. Har tikitin kake zarowa daga aljihu kana miƙa wa mutane su gani da idonsu. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tafsirin da kake yi wa lamarin. A wata majalisar ka ce Faransa a kan tudu take, shi ya sa zuwa hawa ne, dawowa gangara. A wata kuma, da ka ga an buɗe baki ana saurarenka, sai ka sunkuyar da kai ka ce kai dai ka riƙe layar da wani Malam ya ba ka, ba ka son faɗin abin da ya wuce nan. Wato so kake a ce an naɗe maka ƙasa. Bawana, yaushe ka zama waliyyi ban sani ba?

Bari mu yi lissafi irin na 'yan Kantin Kwari, wanda kwabo ba ya ɓacewa a cikinsa. Tsakanin Landan da Faris, in aka ja zare a miƙe, wajen kilomita 344 ne. Don kada kanka ya ɗau zafi, kusan nisan Kano zuwa Abuja ke nan a sama, tafiyar da tun ba ka yi nisa ba kake ratsa ƙasarku ka bar ta a baya. Jirgin fasinja irin wanda ake sawa a wannan hanya, in ya kai sama ya daidaita, gudunsa ya ɗan haura kilomita 800 a awa. Ko da a ce tun daga bakin ƙofa da wannan gudun ya fara, bai rage ba har ya tsaya, sai ya ci minti 25. Kai ka ce ashirin. A cikin ashirin ɗin nan kuma akwai turo jirgi baya, da rarrafen da yake yi zuwa titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, da wani rarrafen bayan an sauka. Mu yi maka rangwame mu ce duk waɗannan minti goma sha biyar suka ci. Saura biyar. Kilomita 344 cikin minti biyar, gudun ya wuce kilomita 4,000 a awa. Concorde, jirgin da Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, wanda ya ɗauki fasinja daga 1976 zuwa 2003 yana tsere wa ƙararsa, kaɗan ya ɗara kilomita 2,000 a awa. Ashe ninkinsa biyu aka ba ka, kai kaɗai, a kujerar masu ƙaramin ƙarfi, kusa da banɗaki.

Zuwan ma da ka raina, ka san da wa ka yi kunnen doki? Ranar 25 ga Agusta, 1919, aka buɗe jigilar fasinja ta kullum tsakanin biranen nan biyu. Jirgi ne na katako da yadi, samfurin yaƙin duniya na farko da aka yi wa kwaskwarima, ya tashi daga Hounslow Heath a gefen Landan ya sauka Le Bourget a gefen Faris. Fasinja ɗaya ya ɗauka, da ɗan kaya, ya yi tafiyar cikin awa biyu da rabi. In lissafinka gaskiya ne, fiye da shekara ɗari da Turawa suka yi suna ƙere-ƙere, minti goma kacal suka iya ragewa ranar da ka tafi, ranar da ka dawo kuma suka zama aljanu. Shekara goma kafin wancan jirgin, ranar 25 ga Yuli, 1909, wani Bafaranshe mai suna Louis Blériot ya fara ƙetare ruwan da ya raba ƙasashen biyu a jirgin sama, daga kusa da Calais zuwa Dover. Ruwan nan inda ya fi ƙunci wajen kilomita 33 ne, amma sai da ya haura minti 36 kafin ya dira, ya karɓi kyautar fam 1,000 da jaridar Daily Mail ta sa. Shi ruwan kawai ya ƙetare aka ba shi fam dubu. Kai da ka haɗa da tudun duka biyu a kusan rabin lokacinsa, me ya hana ka tsaya ka karɓi taka?

To buɗe kunne ka ji sirrin karamarka. Jirgi ɗaya ne, hanya ɗaya ce, agogo ne biyu. Faris tana gaban Landan da awa guda. Kowane tikitin jirgi a duniya, lokacin tashi da agogon garin da aka bari ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka nufa. Da ka sauka Faris agogon bango yana nuna 11:20, a Landan 10:20 ce. Da ka bar Faris 3:00, a Landan 2:00 ce. Cire awa guda a zuwa, ƙara awa guda a dawowa, sai ka ga kowanne ya tsaya a awa ɗaya da minti ashirin. Awar da ka ba Faransa ajiya ran zuwa ita ta mayar maka ran komowa, ba ta ci maka ko daƙiƙa ba. Babu tudu, babu gangara, laya kuma tana nan inda ka ɗaura ta ba ta yi aikin komai ba. Wayarka ma ta fi ka ganewa, domin kana sauka ta gyara agogonta da kanta. Ita ta san an canja ƙasa, mai ita ne bai sani ba. Amma ba na ganin laifinka sosai. Mutumin da har yau bai raba "ya zo" da "ta zo" ba, ina zai raba agogon Landan da na Faris?

Na san halinka, za ka ce to ai rana ce ta riga fitowa a Faransa da awa guda. Nan ma ka faɗi. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya minti huɗu. Faris tana gabas da Landan da digiri biyu da ɗan ɗori, saboda haka a wajen rana tazarar da ke tsakaninsu minti tara ce da 'yan daƙiƙu. Zawalin Azahar bai san da awar nan ba, shi minti taransa kawai ya sani. Sauran minti hamsin da ɗaya siyasa ce da tarihi. A 1884 ƙasashe 25 suka taru a Washington, mafi yawansu suka amince a riƙa fara awon duniya daga layin da ya ratsa Greenwich, wata unguwa a Landan. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, ta ci gaba da agogonta na Faris har 1911. Ko da ta sauko ɗin ma girman kai bai bar ta ta ambaci Greenwich a dokarta ba, sai ta ce agogonta shi ne na Faris da aka ja baya da minti 9 da daƙiƙa 21. Ka ga ashe kuna da dangi a Turai. Daga nan agogon Landan da na Faris suka zama ɗaya, har 1940 da sojojin Jamus suka mamaye Faransa suka ɗora mata agogon Balin. Aka gama yaƙi, Jamus ta fita, agogon ya zauna. Awar nan da kake ta tallatawa a matsayin karama, ragowar mamayar Hitila ce.

Saura wani tarko da na tabbata shi ma ka faɗa, don an ce ka kira gida tsakar dare kana tambaya ko an yi Isha. Turawa sau biyu suke taɓa agogonsu a shekara: Lahadin ƙarshe ta watan Maris su tura shi gaba da awa guda, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Ingila da Faransa rana ɗaya suke yi, shi ya sa awar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Mu kuwa, Nijeriya da Nijar, namu ba ya motsi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Zariya, Faris tana gabanmu da awa ɗaya. Da sanyinsu ya shigo sai abin ya juya, Faris ta zo daidai da mu, Landan ta koma bayanmu da awa ɗaya. Ka rubuta wannan a bayan fasfo ɗinka.

Wani ɗan'uwanka da ya ɗan leƙa aji ya so ya cece ka, ya ce ai iska ce ta turo jirgin. Ya ji ƙamshin gaskiya, sai dai ba a nan ake dafa ta ba. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita ce ta sa wanda ya taso daga New York zuwa Landan yake yin wajen awa bakwai, mai tafiya can kuma wajen takwas. Wannan a kan teku ne, tafiyar fiye da kilomita 5,500. A ɗan tsallen Landan da Faris, jirgi bai gama hawa ba ya fara shirin sauka, abin da iska za ta ƙara ko ta rage bai wuce 'yan mintuna ba. Kuma in da iskar yamma ce ta yi aiki, ran zuwa Faris za ta taimake ka, ran dawowa ta tokare ka. Ka gaya wa lauyan naka ya kare ka ta inda aka fi kama ka.

Ita ma awa ɗaya da minti ashirin ɗin, kada ka ɗauka duk a sama ka yi ta. Kamfanonin jirage daga rufe ƙofa a can zuwa tsayawa a nan suke ƙirgawa. Zaman da ake yi a sararin sama bai cika kai awa guda ba. Sauran a ƙasa yake tafiya, ko a shawagi. Heathrow, duk girman sunansa da yawan jiragen da ke sauka a cikinsa, titin tashi da sauka biyu ne kawai gare shi. In jirage suka yi yawa sai a tsayar da su a sama a wurare huɗu da ke kewaye da Landan, wato Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, wani a bisa wani, suna zagaye har layi ya zo kansu. An ce ka ba da labarin cewa matuƙin ya zagaya da ku sau uku don ya nuna maka gari, da yake an gaya masa akwai babban baƙo daga Zazzau. Layi kuke bi, bawana. Har a sama layi ka bi.

Yanzu mu zo kan babbar asarar, wadda ba ka saka a labarinka. Ba a tsakiyar Landan jirgin ya ɗauke ka ba, ba kuma a gindin hasumiyar Eiffel ya ajiye ka ba. Heathrow yana yamma da tsakiyar gari da fiye da kilomita ashirin, jirgin ƙarƙashin ƙasa yakan ci kusan awa kafin ya kai ka. Ana so ka isa awa biyu kafin tashi, ka auna akwati, ka cire bel da agogo, a haska jakarka, ka zauna kana kallon allo. Ka yi awa ɗaya da minti ashirin ɗinka. Ka sauka filin Charles de Gaulle, shi ma yana arewa maso gabas da Faris da fiye da kilomita ashirin. Ka bi layin jami'an shige da fice da koren fasfo ɗinka, su duba bizar Schengen, don ta Birtaniya ba ta aiki a can. Ka tsaya jiran akwati. Ka nemi jirgin ƙasan da zai shiga da kai gari, wata rabin awa ke nan da ɗoriya. Tara duka, daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, awa biyar da rabi zuwa shida. Wannan ita ce tafiyar minti ashirin.

Alhali kuwa ga jirgin ƙasa na Eurostar nan a tashar St Pancras, cikin garin Landan, wanda zai sauke ka a Gare du Nord, cikin garin Faris, cikin awa biyu da kusan minti ashirin. Tun kafin ka hau ake duba fasfo, kana sauka sai ka saɓi jakarka ka shiga gari. Ko ka haɗa da jiran tasha, da wuya ka cika awa huɗu. A fili yana gudun kilomita 300 a awa, sannan ya bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba Mitterrand suka buɗe ranar 6 ga Mayu, 1994. Tsawon ramin kilomita 50 ne, wajen 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa, kuma ka san minti nawa ake yi a cikinsa? Kimanin ashirin. Da ka bi ta nan, da yau kana da labarin minti ashirin na gaskiya da za ka bayar, ba mai ƙaryata ka. Amma an ce da aka kawo maka shawarar sai ka dafe ƙirji ka ce kai ba za ka shiga rami da ranka ba, bare ramin da teku ke bisa kansa. Na yi maka uzuri. Wanda babban ruwan da ya sani shi ne Kubanni, a ce masa ya bi ta ƙarƙashin teku, ai an so a ga bayansa.

Su Faransawan da ka je wa sun riga sun yi wannan lissafi. A 2023 suka fara aiki da dokar da ta hana jigilar jirgin sama a cikin ƙasarsu a hanyoyin da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, aka rufe tashi daga filin Orly zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon. Dalilinsu hayaƙin da jirage ke zubarwa a sama. Dokar ba ta shafi Landan ba tunda wata ƙasa ce, shi ya sa irinku suke samun kujera. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Kai kuma ka biya kuɗi ka sayi nawar, ka dawo kana kiranta sauri.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadinka shi ne garin da ka fito. Tun 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take zaune a Zariya, tana yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Kullum ƙananan jiragen ɗalibai suna yawo a bisa rufin gidanku. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa, ga makarantun zaure da ba sa ƙirguwa. Kuna bugun ƙirji kuna cewa ilimi a Zazzau aka yanke masa cibiya. Duk wannan bai sa ka tsaya bakin ƙofar kwalejin ka tambayi ko mai gadi ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Mu kuwa tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Kakanninmu sun ga jirgi tun naku suna jin labarinsa a bakin fatake. Don haka in Bakano yana maganar jirgin sama, Bazazzagi ya gyara zama ya ce "Na'am, ranka ya daɗe."

Don kada a ce ubangida ya yi faɗa bai yi nasiha ba, ga guzuri in Allah ya sake kai ka. Duk tikitin da ka riƙa, ka fara tambaya ko garuruwan biyu agogonsu ɗaya. Kada ka ɗebe lokacin tashi daga lokacin sauka, ka nemi wurin da aka rubuta tsawon tafiyar. Ka karanta sunan filin jirgin da kyau, domin filaye shida ne suke amsa sunan Landan: Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da City da Southend. A Faransa kuma akwai Beauvais, wanda ake liƙa wa sunan Faris alhali ta mota wajen kilomita 85 ne tsakaninsu. Na san ka da son araha, kana ganin tikiti mai sauƙin kuɗi za ka danna, ka sauka cikin gonaki kana tambayar ina hasumiyar take. Sannan kullum ka auna tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa. Nisan da ke kan taswira na tsuntsaye ne, kai da akwati kake tafe.

Ga hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Na ɗaya, ka koma duk majalisar da ka yi wa'azin tudu da gangara, ka miƙe tsaye ka ce awa ɗaya da minti ashirin ne zuwa, awa ɗaya da minti ashirin ne dawowa. Na biyu, ka mayar wa Malam layarsa ka ba shi haƙuri, don ka jingina masa aikin da bai yi ba. Na uku, tsarabar da ka ɓoye, turare ne ko agogo, ka kawo ta Kano da ƙafarka, in ma agogon ne ka bar shi yadda ka sayo shi, ni zan saita. Na huɗu, kuɗin sharar da ka saba zuwa karɓa a wurina duk goma ga watan Muharram, bana an soke shi, sharar dai tana nan za ka yi. Ku kuma jama'ar Zazzau, in ɗanku zai sake fita waje, ku haɗa shi da yaro ɗaya daga Kano ya riƙa karanta masa tikiti. Ba za mu caje ku da tsada ba, bayinmu ne ku.

Naka ubangida,
Bakano.